Ka Bar Ni In Cire Takalmina

Jama'a, kafin in fara ina roƙon alfarma ɗaya. Duk wadda ta san ta yi rawar cire takalmi ta ɗora a waya, ta karanta ta yi shiru, kar ta zo min da "ayya, sannu" a ƙasan rubutun nan. Na ga bidiyoyinku. Har da ke mai jan siket da kika wurga takalminki ya faɗa cikin bokitin wanki. Ku kuna can kuna rawa, ni ina nan ina neman ramin da zan shige. Don muryar nan da kuke bi da baki, mai cewa "in za ka zo ka zo", tawa ce. Ni ce. Kuma ba a situdiyo na yi ta ba. A tsaye na yi ta a tsakiyar ɗakina, ƙafata tana min zogi.

Bari in faro muku daga tushe.

Ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a wani asibitin ido, a teburin karɓar marasa lafiya. Ni ke buɗe fayil, ni ke kiran mutane ta lasifika in layinsu ya zo. Saurayina kuma malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Kowa Malam yake ce masa, ni kuwa a wayata "Sarkin Latti" na rubuta, kuma Allah ya sani ban zalunce shi ba. Mutum ne mai sanyin hali, mai kunya, in yana gaida Umma har muryarsa rawa take yi. Aibinsa biyu ne kacal: latti, da waƙar rap. In ya tashi daga makaranta sai ya wuce situdiyon abokinsa, ya juya hula baya, ya koma wani wai shi Farin Alli.

Ban ɓoye wa Umma ba. Na faɗa mata yana ɗan taɓa waƙa, ta ce kowa da abin da yake rage gajiya da shi. Lokacin masu jin waƙarsa ba su wuce ɗalibansa da mai situdiyon ba, shi ma mai situdiyon don ba shi da mafita ne. Abba kuwa malamin lissafi kawai ya sani, har ya ce ya zo ƙarshen wata mai zuwa su zauna su yi magana ta manya. Kun ga ke nan komai yana tafiya lafiya lau.

Sai ranar liyafar asibitinmu. Likita, wato shugabarmu, ta shirya mana cin abinci, ta ce kowa ya zo da nasa. Na fito da doguwar rigata ruwan zuma mai duwatsu a wuya, na goge mayafi har sau biyu don ya ƙi kwanciya, na sa sabon takalmi mai tsini, irin wanda a shago yake maka murmushi, a gida ya kama cizo. Malam ya ce yana hanya. Na zauna a bakin gado, na tashi, na leƙa taga, na dawo na ƙara hoda. Na kira, ya ce ga shi nan ya kusa. Hodar ta narke, na sake wata. Ɗan yatsana ƙarami ya mutu murus a cikin takalmin nan, amma na ƙi cirewa, don in na cire ba zai sake shiga ba.

Da abin ya kai ni bango sai na danna saƙon murya na ce:

"Malam, ni fa na gaji. In za ka zo ka zo, in ba za ka zo ba ka bar ni in cire takalmina. Haba!"

Na ja tsaki mai tsawo, na tura.

Ya zo daga baya, ya ba ni haƙuri, muka je muka tarar ana kwashe faranti. Na yi fushina na kwana biyu na huce. Ni a wurina magana ta wuce.

Bayan 'yan makonni, ina tsakiyar aiki, saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, na saki sabuwa. Akwai abin mamaki a ciki, naki ne." Har da hoton zuciya. Na ce a raina in na koma gida na ji, don gaskiya, tsakanina da ku, waƙoƙin Malam ba irin waɗanda ake katse aiki don su ba ne.

Da yamma na shiga tasi. Mu huɗu ne a baya, an matse ni da wata mata mai katon buhun kaya a cinya. Direba ya ƙara murya, kiɗa ya buga, dum, dum, sai na ji wata mace ta ce:

"Malam, ni fa na gaji."

Na ce a raina, oh, wannan ma irin tawa ce, Allah ya kawo mana sauƙi.

"In za ka zo ka zo, in ba za ka zo ba ka bar ni in cire takalmina."

Jama'a, muryata ce! Sai tsakin ya biyo baya. Kuma ba sau ɗaya ba! Sun yanka tsakina gunduwa-gunduwa sun mayar da shi kiɗa, mts, mts, mtsww, yana tafiya tare da ganga. Sai ga muryar mutumina ta shigo da ƙarfi, muryar da ban taɓa jin ya yi wa Umma gaisuwa da ita ba:

"Ta ce na yi latti, na ce hanya ce ta cushe,
Ta ce ƙarya nake, wai idona ma ya bushe..."

Direba yana dukan sitiyari yana dariya. "Kai, yarinyar nan ta iya masifa! Wallahi irin matata sak."

Matar kusa da ni ta ce, "Ai gaskiyarta. Maza ba su san zafin takalmi ba."

Ni dai na ja mayafi na rufe baki. Da muka iso layinmu ko "a nan zan sauka" na kasa cewa, don kar a ji muryata. Sai da na ƙwanƙwasa gilashi kamar kurma.

Ina shiga ɗaki na jefar da jaka na rubuta masa:

"Me ka yi?"

"Kin ji? Ya kika gani? Mutane sun haukace a kanta!"

"Na ce me ka yi da saƙona?"

"Ai ban sa sunanki ba, ranki ya daɗe."

"Ka tambaye ni?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi: "Na so in ba ki mamaki ne."

Na kife wayar a kan katifa. Mamaki kam na sha shi.

Na yi zaton abin zai yi kwana biyu ya mutu kamar sauran waƙoƙinsa. Ina! Ɗalibansa suka fara: su tsaya a layi, in an zo wurin "takalmina" kowa ya fizge takalmi ya wurga sama. Daga nan 'yan mata suka karɓa, sai masu shaguna, sai matan aure a kicin da ludayi a hannu. Mai gyaran waya na bakin titinmu tun safe ita yake saki. Masu sharhi a intanet suka rabu biyu, wasu na cewa an daɗe ba a yi waƙar da ta taɓa rayuwar mutane haka ba, wasu na cewa baitocin ba wani abu, muryar yarinyar ce kawai ta ɗauki waƙar a ka. Wani ma dogon rubutu ya yi wai tsakin nan "kukan matan zamani ne gaba ɗaya". Kukan matan zamani! Ni da ƙafata ce kawai ke ciwo!

A wurin aiki na koma magana ta hanci. In zan kira mutum a lasifika sai in matse murya kamar mai mura, har Likita ta tsaya a teburina ta ce in je a duba ni kar in shafa wa marasa lafiya. Haka na yi ta lallaɓawa har ranar da wani bawan Allah ya ƙure ni. Na kira lambar layinsa, shiru. Na sake kira, yana zaune yana waya yana ɗaga min hannu wai in jira. Layi ya tsaya, Likita na ta danna ƙararrawa daga ciki. Ban san lokacin da na manta da hancin ba, na danna lasifika da muryata ta gado na ce:

"Malam mai farar riga, in za ka shigo ka shigo..."

Ɗakin jira gaba ɗaya ya ɗauka: "In ba za ka shigo ba ka bar ta ta cire takalminta!"

Har da wani tsoho mai bandeji a ido ɗaya, yana buga sandarsa a ƙasa. Aka fashe da dariya, wata ta ce, "Kai, ta iya kwaikwayo, kamar ita!" Abin da ya cece ni, rabinsu an ɗiga musu magani a ido, ba sa ganin komai sai hazo. Na sunkuya ƙarƙashin tebur kamar ina neman biro, na daɗe a can.

Da aka tashi Likita ta kira ni ofis. Ta cire safar hannu a hankali ta ce, "Ban tambaye ki komai ba, kuma ba na son in sani. Amma nan asibiti ne. Ranar da na ga mutum ya shigo da kyamara yana neman mai murya, ranar za ki koma ɗakin fayil, inda ba lasifika."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Na dawo gida da ciwon kai, ina tura ƙofar falo na ga takalman Goggo. Goggo ƙanwar Abba ce, kuma duk abin da ya faru a dangi ita ke fara ji, ko da a ƙarƙashin ruwa aka yi shi. Tana zaune a kujerar tsakiya ta baje mayafi, waya a hannu, Umma na gefe ta haɗa tagumi.

"Yauwa, ga ta nan. Zo nan, Auta. Zauna."

Na zauna a kan kafet. Ta danna waya. Muryata ta cika falonmu, a gaban hoton Kaka da ke bango.

"Wace ce wannan?"

"Goggo, ai muryoyi suna kama."

"Muryoyi suna kama, na yarda. Tsaki fa?" Ta mayar da shi baya ta sake saki. "Wannan tsakin na gidanmu ne. Na mahaifiyarmu ne, Allah ya jiƙanta. Ni na gada, ke kika gada. Duk garin nan ba mai ja masa wutsiya haka sai mu."

Wallahi da ba ni ce a cikin tukunyar ba da na yi dariya.

"Kuma wannan mai ihun kamar ana yanka shi, ba shi ne malamin da ake ce mana salihi ba? Ashe maroƙi za a kawo mana gida! A ce jikar gidan nan ce ake rawa da muryarta a tasha?"

"Ba roƙo ba ne, Goggo, rap ne."

"Rap ɗin gidanku!"

Ban ce ni ce ba, ban ce ba ni ba ce. Na yi ta wasa da bakin mayafina har ta gaji ta tafi, bayan ta yi alƙawarin sai ta ga yayanta. Kafin in kai ɗaki saƙonnin Yaya, babban wanmu, sun fara sauka kamar ƙanƙara:

"Ke, gaskiya ne abin da Goggo ke faɗa?"

"Abokaina a ofis ita suke ji tun safe."

"Ni ma har na yi rawar kafin in sani. Kin ga abin da kika jawo min?"

"Ba ni lambar yaron nan."

Umma ce ta same ni a kicin ina wanke kofuna da ba su yi datti ba. Ta jingina da firiji.

"Ke ce."

Na ci gaba da cuɗa kofin da ke hannuna.

"Ni waƙar ba ta dame ni ba, Auta. Maganar da kika yi ba ta batsa ba ce, ni ma na sha faɗa wa babanku fiye da haka. Abin da ya tsaya min a rai, namijin da za ki yi wa magana ku biyu, ya ɗauka ya kai kasuwa bai tambaye ki ba. Yau takalmi ne. Gobe in kuna ɗaki ɗaya fa, kika yi kuka, ko kika faɗi abin da ba kya son kowa ya ji?"

Nan ne hawayen da na riƙe tun cikin tasi suka zubo. Don abin da ke cina ke nan, na kasa sa masa suna sai da Umma ta sa.

Washegari na ce ya same ni a shagon shan lemo da ke kusa da asibiti lokacin hutun rana. Ya shigo fuskarsa kamar an kunna fitila, rigar makaranta a jikinsa, hannun rigar duk garin alli. Yaran da ke sayar da lemon suka gane shi, aka tsaya ɗaukar hoto. Ni ina kusurwa na juya wa ƙofa baya kamar ɓarauniya.

Ya zauna yana haki. "Kin san gidan rediyo sun kira ni? Ranar Asabar za su yi hira da ni. Ni fa! Shekara da shekaru ina waƙa, ko mai gadin makarantarmu ba ya ji. Yanzu shugaban makaranta da kansa ya ce in tura masa."

Ganin yadda idonsa ke ƙyalli, sai da zuciyata ta ɗan motsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Na san daren da ya sha yana rubutu, na san yadda abokansa ke masa dariya. Amma na tuna ƙarƙashin tebur.

"Ka sauke ta."

"Ko na sauke ta riga ta bazu, ranki ya daɗe. Tana wayar kowa."

"To me ya sa ba ka tambaye ni ba tun farko?"

Ya sosa ƙeya. "Na san za ki ce a'a."

Jama'a, kun ji fa. Ya san zan ce a'a. Da ya ce mantawa ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Ka san zan ce a'a, shi ne ka yi?"

"Ai don ina son ki ne. Duk waƙar a kanki take. Wasu matan da za a yi musu haka..."

"To je ka yi wa wasu matan." Na ɗauki jakata. "Kai na tura wa saƙon nan, Malam. Kai kaɗai. Ba direban tasi ba, ba Goggo ba. Kar ka sake kirana sai ranar da ka gane abin da ka ɗauka."

Na fita na bar masa lemon ko buɗewa ban yi ba.

Na ɗauka an kai ƙarshen bala'i. Ashe da saura.

Kwana kaɗan bayan haka wata abokiyar aikina ta miƙo min waya tana cewa, "Ga mai muryar nan ta bayyana!" Na karɓa. Wata yarinya ce, gashin ido kamar tsintsiya, zaune a cikin mota, tana lumshe ido. Wai ita ce. Wai ita da Farin Alli sun daɗe tare, ranar ma takalmin da ta sa daga waje aka kawo mata. Har ta ja tsaki don a tabbatar, wani guntun tsaki mara gishiri, kamar ana buɗe kwalbar lemo. Kuma mutane suka yarda! "Wayyo muryarki zuma." "Allah ya bar ku tare." "Yaushe ne bikin?"

Ni da nake addu'a kar a gane ni, sai ga ni ina jin haushi don an ce wata ce. Har na rubuta "ƙarya take yi" a ƙasan bidiyon, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ku faɗa min, wannan wace irin rayuwa ce?

Goggo ta kira, muryarta har da annashuwa. "Auta, ashe ba ke ba ce! Alhamdulillahi, na yi ta zarginki a banza, ki yafe ni. Amma kin ga abin da nake faɗa ko? Yana da wata! Yana zuwa nan yana sunkuyar da kai kamar na Allah, ashe mayaudari ne. Na riga na faɗa wa babanki, zaman ƙarshen watan nan a fasa."

Yaya ma ya turo: "Allah ya raba ki da shi lafiya. In na gan shi sai na fasa masa baki."

Shi kuwa gogan shiru. Bai ƙaryata ta ba. Na karya dokata na rubuta masa:

"Ka ga matarka?"

"Wallahi ban san ta ba. Na yi shiru ne don a bar ki ki huta. In sun ɗauka ita ce, ba mai damunki."

"Shirun naka ya sa a gidanmu an ce kana da wata."

"Innalillahi."

"Ka ci gaba da salati."

Na kwanta rigingine ina kallon fanka. In na yi shiru, na tsira, aikina ya tsira, sunan gidanmu ya tsira, shi kuma ya zama mayaudari a idon Abba har abada. In na yi magana, na wanke shi daga laifin da bai yi ba, na tsoma kaina, alhali laifin da ya yi na gaskiya ko haƙuri bai ba ni a kai ba. Wai ni aka yi wa laifi, kuma ni ce zan yi aikin ceto. Ku duba min wannan rashin adalci.

Ranar Asabar da yamma Umma ta leƙo ta ce Abba na kira. Na sa hijabi na fita. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, tabarau a kan hanci, tsohuwar rediyonsa a kan ɗan tebur tana magana ƙasa-ƙasa. Abba ba mai yawan magana ba ne. In ya kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare.

"Goggonki ta ce yaron nan yana da wata."

Na durƙusa. Na ce, "Abba, ba shi da wata. Yarinyar ƙarya take yi. Muryar... tawa ce. Saƙo na tura masa, ya sa a waƙa ban sani ba."

Na runtse ido ina jiran saukar aradu.

"Na sani."

Na buɗe ido.

"Tun ranar da mai wankin mota ya saka ta a ƙofar gida na sani. Ni na koya miki magana, a ce ban san muryarki ba? Jira nake in ga wa zai fara faɗa min gaskiya, ke ko shi." Ya miƙa hannu ya murɗa rediyon. "Ke kin faɗa. Zauna mu ji shi."

Sai a lokacin na tuna da hirar. Muryar mai gabatarwa ta cika falon, yana ta zuba kirari, wai yau ga Farin Alli a tare da su, mai waƙar da ta hana gari sa takalmi. Umma ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu.

"Kuma masu sauraro, muna da abin mamaki! Mai muryar da kanta tana kan layi. Gimbiya, gaida angonki!"

Muryar mai gashin idon ta fito tana wani narkewa: "Hello, masoyi."

Shiru. Shirun ya yi tsawo har Abba ya ɗan bubbuga rediyon.

Can Malam ya yi gyaran murya. Ba muryar Farin Alli ba, muryar gaida Umma, mai rawa.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ban san ki ba. Ba ke ba ce."

Mai gabatarwa ya yi ihu. "To wace ce? Faɗa mana sunanta!"

"Ba zan faɗa ba. Saƙo ne ta turo min ni kaɗai, na ɗauka na sa a waƙa ban tambaye ta ba, don na san in na tambaya ba za ta yarda ba. Wannan sata ce. Na daɗe ina ce wa kaina soyayya ce, amma sata ce. Na sa an cire muryarta daga waƙar, wadda za ta rage a shafina babu ita. Waɗanda ke wayoyin mutane ba ni da iko da su, sai dai in roƙe su."

"Haba Farin Alli! Ai muryar ita ce waƙar! In ka cire me ya rage?"

"Ni. Na san ba yawa."

Umma ta sa tawul ta rufe baki. Ni kuwa na ƙura wa kafet ido, don ban yarda in yi kuka a kan mutumin da har yanzu nake jin haushinsa ba. Kar ku ce na yafe. Ban yafe ba. Na dai ji.

Abba ya kashe rediyo.

"Ya yi rabin hankali," ya ce. "Ki ce masa ya zo gobe da yamma. Ba kiɗa, ba abokai. Zai tsaya a nan, a kan kafet ɗin nan, ya rera min waƙar daga farko har ƙarshe, baiti-baiti, ina so in ji ta daga bakinsa. Goggonki ma za ta zo, da yayanki."

"Abba, ya rera?"

"Ba mawaƙi ba ne?"

Na koma ɗaki har da ɗan tsalle. Na ce Allah ya kama min shi. Ya tsaya gaban Goggo yana rap ba ganga, wannan kaɗai ya biya ni rabin wahalata. Na rubuta masa saƙon Abba kalma-kalma, ban ƙara ko ɗigo ba.

Amsa ta zo nan take.

"Har ƙarshe ya ce?"

"Har ƙarshe."

"Har baiti na uku?"

"Ka iya karatu ai."

"Ranki ya daɗe... kin taɓa jin baiti na uku kuwa?"

Na tsaya. Gaskiya ban taɓa ji ba. Duk inda aka saka ta, daga an wuce tsakina nake toshe kunne ko in bar wurin, masu rawa kuma amshin kawai suke yankowa. Na lalubo abin kunne a ƙasan jaka, na nemo waƙar, na ja ta gaba. Ga abin da mutumin da ke neman aurena ya rera wa duniya:

"Babanta na ƙofa, tabarau a kan hanci,
Gaisuwa goma, amsa ɗaya, ita ma da ƙunci,
Kallo ɗaya ya yi min na manta sunana,
Tsoho, sassauta, ni ma ɗa ne a wurin babana!"

Tsoho. Abbana. Ya ce wa Abbana tsoho, a kan kiɗa, da tsakina a bayansa.

Na zare abin kunnen a hankali. Wayar na ta haske a hannuna, Sarkin Latti na kira, na kasa ɗauka. Daga falo na jiyo muryar Abba, a natse, har da ɗan nishaɗin da ban taɓa ji a cikinta ba:

"Umman yara, ina ƙyallen goge tabarau ɗina? Gobe ina so in ga yaron nan da kyau."